Agogon Mai Iyo da Keke da Gudu: Abin da Ya Wajaba a Duba Kafin a Saya

A ranar 18 ga Fabrairu 1978, da sanyin safiya, mutum 15 suka taru a bakin teku a tsibirin Oahu na Hawai, bisa shawarar wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna John Collins da mai ɗakinsa Judy, suka ƙulla niyyar haɗa wahala uku a yini guda: su yi iyon kusan kilomita 4 a cikin teku, su fito su hau keke su ci kilomita 180, sa'an nan su sauka su yi gudun kilomita 42 da ƙafa. Mutum 12 suka kai ƙarshe, wanda ya zo na fari kuwa, Gordon Haller, sa'a 11 da minti 46 ya yi. Kwana huɗu bayan haka, watau ranar 22 ga watan, sojan Amurka suka harba tauraron ɗan Adam na farko a jerin taurarin da ake kira GPS, daga sansanin Vandenberg a Kalifoniya, da nufin shiryar da jiragen yaƙi da jiragen ruwa. Waɗannan al'amura biyu, da ba su da wata nasaba a lokacin, su ne yau suka haɗu a wuyan hannun duk wanda ya shiga gasar tirayatalon, har ya zamana da wuya ka ga ɗan gasa a bakin ruwa yana jiran a busa ƙaho ba tare da yatsansa na kan agogo ba.

Ita gasar, a siffarta ta zamani, an fara ta a San Diyego cikin 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni cikin 2000, kuma tana da matakai. Akwai gajera, mai iyon mita 750 da keken kilomita 20 da gudun kilomita 5. Akwai ta Olamfik, mai ninkin wannan. Akwai rabin doguwa, mai iyon kilomita 1.9 da keken kilomita 90 da gudun kilomita 21, kana ga doguwar kanta, wadda ake kira Ironman, irin ta mutanen Oahu, wadda a nahiyarmu ake yin babbarta a gaɓar Nelson Mandela Bay ta Afirka ta Kudu, ƙasar da ɗanta Henri Schoeman ya ci lambar tagulla a Riyo cikin 2016. Na kawo wannan tafsili ne domin shi ne mabuɗin mas'alar baki ɗaya, gama tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi wa kansa ita ce wace daga cikin waɗannan zai shiga, kuma sa'a nawa yake zaton za ta ɗauke shi, shi ɗin nan, da irin ƙarfin da Allah ya hore masa.

Sharaɗi na farko, wanda in babu shi agogon bai inganta ga wannan aiki ba, shi ne ya iya haɗa wasannin uku a lissafi guda. Dalili kuwa shi ne gasar ba ta tsayawa: tun daga lokacin da aka shiga ruwa har a taka layin ƙarshe lokaci na tafiya, har da mintocin da mutum ke tuɓe rigar ruwa yana neman hular kwano, da waɗanda yake jingine keke yana sauya takalmi. Saboda haka yanki biyar ne, wasa uku da sauyi biyu, kuma agogon da aka ƙera domin wannan yana barin mutum ya danna maɓalli ɗaya tak a ƙarshen kowane yanki, shi kuma ya juya da kansa daga ƙidayar iyo zuwa ta keke, daga ta keke zuwa ta gudu, yana riƙe da jimillar duka. Wanda agogonsa ba shi da wannan sai ya tsaya, yana haki, ruwa na zuba daga kansa, ya rufe lissafi ɗaya, ya adana shi, ya nemo na gaba, ya jira agogon ya sake kama taurari, alhali abokan gasarsa sun yi nisa. Kuma lalle maɓalli na ainihi nake nufi, wanda yatsa ke ji in ya danna, domin fuskar da ake shafawa ba ta da amana in ta jiƙe da ruwa ko gumi, wani lokaci ta ƙi jin yatsa, wani lokaci ɗigon ruwa ya yi mata umurnin da mai ita bai yi ba. Kada kuma a ɗauka cewa duk agogon babban kamfani yana da wannan sifa. Forerunner 55 na Garmin, alal misali, agogo ne nagari ga mai gudu, amma ba ya haɗa wasanni uku, ba ya kuma auna iyon teku.

Sai a ɗan dubi yadda agogon ke sanin inda mai shi yake, domin wanda ya fahimci wannan ba zai zarge shi a kan abin da ya fi ƙarfinsa ba. Taurarin GPS, su kimanin 30, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini, yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana ta shelar lokacinsa da matsayinsa ba dare ba rana. Agogon hannu saurare kawai yake yi, ba ya aika kome, shi ya sa ba ya bukatar layin waya ko kuɗin data. In ya ji taurari huɗu ko fiye, ya auna jinkirin da saƙon kowanne ya yi kafin ya iso, sai ya fitar da inda yake. Da fari gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya ba da umurni aka daina, bayan shekara uku kuwa Garmin ya fitar da Forerunner 201, kakan waɗannan agogunan. Yanzu ga taurarin Rasha, GLONASS, ga na Tarayyar Turai, Galileo, ga na Sin, BeiDou, kuma galibin agogunan kirki suna jin su duka. Masu tsada suna ƙarawa da sauraren zango biyu a lokaci guda, abin da ke rage kuskure a tsakanin dogayen benaye ko cikin kurmi ko a kwazazzabo, inda saƙo ke bugun bango ya karkace kafin ya iso. Amma wanda ke atisayensa a fili fetal, sama a buɗe, kamar yadda akasarin hanyoyin ƙasar Hausa suke, amfanin da zai samu daga wannan ƙari kaɗan ne ƙwarai, kuma za a ga abin da yake ci nan gaba.

A cikin ruwa ne aikin ke da wuya, kuma a nan ne agogo nagari ke bambanta da na banza. Saƙon tauraro ba ya ratsa ruwa, ko da zurfin bai wuce faɗin tafin hannu ba, mai iyo kuwa hannunsa na nutsewa yana fitowa a kowane bugu, saboda haka abin da agogon ke samu gutsattsarin labari ne: ya ji taurari na ɗan lokacin da hannu ke sama, ya kurumce, ya sake ji, ya sake kurumcewa, sa'an nan ya yi ijtihadi ya ɗinke waɗannan guntaye su zama hanya ɗaya. Ingancin wannan ijtihadi ya dogara ga lissafin da kamfani ya zuba a cikinsa, shi ya sa agoguna biyu a hannun mutum guda za su iya saɓa wa juna a kan nisan iyo ɗaya. Wanda ke iyon kwaɗo, hannuwansa ba sa barin ruwa, kusan ba abin da agogonsa zai sani. Kafin a kai ga wannan fasaha ma, 'yan gasa cusa na'urar suke yi a ƙarƙashin hular iyo, a ƙeya, inda ruwa ba ya rufewa, kuma har yau wannan dabara takan fi ta wuyan hannu daidai, sai dai mutum ba ya ganin kome sai ya fito. A kwamin ninƙaya kuwa, mai tsawon mita 25 ko 50, ba a amfani da taurari sam. Mutum zai gaya wa agogon tsawon kwamin, shi kuma ya riƙa jin motsin hannu da tunkuɗar bango yana ƙidaya zuwa da komowa, in kuwa ka tsaya a tsakiya domin kauce wa wani, sai ya ruɗe ya ƙara maka tsawon da ba ka yi ba. Don haka a tabbata agogon yana da babi biyu daban, na kwami da na buɗaɗɗen ruwa, kuma an rubuta masa 5 ATM ko fiye, watau ma'aunin jure ruwa. Mai 3 ATM na alwala ne da yayyafi, ba a shiga tafki da shi.

Batir shi ne sharaɗin da aka fi yin sakaci da shi, kuma a ganina shi ya fi cancanta a daɗe a kansa. Kamfanoni sukan rubuta adadi biyu, ɗaya da manyan haruffa, ɗaya da ƙanana. Na manyan haruffa kwanakin da agogon zai yi ne yana nuna lokaci da ƙidaya taku, mako biyu ko abin da ya yi kama da haka, wannan kuwa bai shafi ɗan gasa ba. Na ƙananan haruffa shi ne sa'o'in da zai yi yana sauraren taurari, shi ma ya kasu gwargwadon irin sauraren. Ga misali daga abin da Garmin da kansa ya bayyana game da Forerunner 255: sa'a 30 in GPS kaɗai yake ji, sa'a 16 in an buɗe masa dukkan taurari da zango biyu. To, a al'adar Ironman sa'a 17 ake ba mutum ya gama, wanda ya wuce haka ba a lissafa shi cikin waɗanda suka kammala. Zakarun duniya suna gamawa cikin sa'a 8 ko kusa da haka, ba su da wata damuwa. Amma bawan Allah da ya fara wannan harka da furfura, wanda zai shigo cikin dare yana jan ƙafa bayan sa'a 15 ko 16, shi ne wanda agogonsa zai iya mutuwa ana saura kilomita kaɗan, a daidai lokacin da ya fi bukatar ya san ko zai riski wa'adi. Ashe mai rauni ya fi gwani bukatar batir mai ƙarfi, abin da masu talla ba sa faɗa, domin da hoton gwanaye suke sayar da haja. A ƙara da cewa ana kunna agogo tun kafin a shiga ruwa, batir kuma yana raguwa da tsufa da zafin rana, sai a ga hikimar mutum ya ɗauki sa'o'in da yake zaton zai yi, ya ƙara sulusi a kai, ya nemi agogon da ya kai wannan. Wanda kuwa gajerar gasa ko ta Olamfik ce gabansa, wadda matsakaicin mutum ke gamawa cikin sa'a uku ko kusa da haka, kowane agogon kirki ya ishe shi, sayen mai sa'a 60 a wurinsa israfi ne. Lamarin kamar na doki ne, wanda ake nema domin hawan salla daban, wanda za a yi fatauci da shi daban, kuma kayan ado ba sa gaya maka wanne ne wanne.

Bugun zuciya fa? Ƙananan fitilun kore da ke walƙiya a bayan agogo suna haska fata ne, wata 'yar na'ura kuma tana auna hasken da ya komo, wanda ke raguwa yana ƙaruwa gwargwadon jinin da ke kai da komo a kowane bugu. Dabara ce mai ban sha'awa, kuma tana aiki sosai in mutum na zaune ko yana gudu a natse, amma tana da illoli da dama. Ruwa na shiga tsakanin agogo da fata, sanyi na tsuke jijiyoyin hannu, kan keke na girgiza a hanya mai gargada alhali wuyan hannu na lanƙwashe, kana a wajen gudu wani lokaci agogon yakan kama sautin taku ya ɗauka zuciya ce. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: sinadarin melanin, wanda ke sa fata duhu, yana shan koren haske, kuma ko da yake masu bincike sun yi saɓani a kan girman tasirin wannan, wasu suka ga bambanci wasu ba su gani ba, ya kamata baƙin mutum ya gwada da kansa, ya ɗaura agogon da kyau sama da ƙashin wuyan hannu, ya kwatanta abin da ya nuna da abin da yatsa ke ƙidayawa a jijiya. Mafita mafi aminci ita ce maɗaurin ƙirji, wanda ke jin lantarkin zuciya kai tsaye, irin wanda kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fara fitarwa maras waya cikin 1982. Yana da araha in an kwatanta da agogon, sai dai galibi saƙonsa shi ma ba ya ratsa ruwa, shi ya sa aka yi wasu nau'o'i masu adana lissafin a cikinsu har a fito su miƙa wa agogo.

Wannan ya kai mu ga wajabcin agogon ya iya magana da wasu na'urori, ta Bluetooth ko ANT+, musamman ma'aunin ƙarfin da ake ɗaurawa a fedar keke, mai nuna wat nawa ƙafa ke zubawa. Mai farawa ba lalle ya saye shi ba, gama kuɗinsa kan kai na agogon kansa, amma kada ya sayi agogon da zai rufe masa ƙofa in ya so daga baya. Fa'idar waɗannan ma'aunai ita ce hana mutum zalama. Wanda ya fito daga ruwa ya hau keke, jama'a na tafi, iska na bayansa, zuciyarsa takan raya masa cewa yau ranarsa ce, ya taka fiye da ƙima, bashin kuwa sai a wajen gudu ake biyansa. Ma'abota wannan wasa ba su manta da Julie Moss ba, wadda a Hawai cikin Fabrairu 1982 tana kan gaba har ana ganin layin ƙarshe, ƙafafunta suka ƙi, ta faɗi, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Ba na cewa agogo zai cece ta, domin ƙishirwa da yunwa suna cikin abin da ya kayar da ita. Ina dai cewa a gasa mai tsawon yini, shaidar da ba ta da son zuciya, wadda za ta ce maka sassauta a lokacin da ranka ke cewa ƙara, ita ce mafi tsadar abin da ka ɗaura.

Sai dai a rarrabe tsakanin adadin da agogon ya auna da wanda ya ƙiyasta, domin duka da irin haruffa ɗaya yake nuna su, kamar darajarsu ɗaya. Lokaci yaƙini ne. Nisa a tudu zato ne mai rinjaye, kuskurensa kaɗan ne, ko da yake kusan kullum zai ɗan ɗara nisan da masu gasa suka auna, saboda su mafi gajertar hanya suke bi, kai kuwa kana kauce-kauce. Amma yawan iskar da jikinka ke iya sha, da sa'o'in hutun da wai kake bukata, da makin barcinka, da hasashen mintocin da za ka yi a gasa mai zuwa, duk ƙiyasi ne da aka gina a kan bugun zuciya da shekaru da nauyi, in asalin ya karkace reshen ma ya karkace. Ana iya amfana da su wajen ganin inda aka dosa cikin watanni, amma abin takaici ne a ga mutum ya tashi garau, agogo ya ce masa bai huta ba, ya koma ya kwanta. A ranar gasa ma alƙalai ba sa duban agogon kowa. 'Yar na'urar da suke ɗaura wa kowa a idon sawu ita ce hujja.

Sauran abubuwa mustahabbai ne, wasu ma ko wannan matsayi ba su kai ba. Fuska iri biyu ce: mai haske da launi kamar ta waya, wadda ke da kyan gani amma tana shan batir, da mai ɗan duhu wadda ke aron hasken rana, kuma gwargwadon ƙarfin rana gwargwadon fitowar rubutunta, abin da ya dace da mai atisaye a irin ranarmu. Ma'aunin nauyin iska yana da amfani ga mai hawan tuddai da keke. Taswira tana da daɗi ga mai yawo a baƙuwar ƙasa, amma hanyar gasa a shate take. Waƙa kuwa dokokin gasa sun hana sa abin ji a kunne, don haka biyan kuɗi dominta sai dai saboda ranakun atisaye. A kula da girma: ƙaton agogo yana maƙalewa a hannun rigar ruwa lokacin tuɓewa, yana kuma yi wa siririn hannu rawa, rawar nan kuwa tana ɓata awon zuciya.

Game da kuɗi, farashin da aka sa wa waɗannan a Amurka ranar fitowarsu zai ba mai karatu ma'auni: Coros Pace 3 dala 229 cikin 2023, Forerunner 255 dala 350 cikin 2022, Forerunner 965 dala 600, Apple Watch Ultra dala 799. Dukkansu suna haɗa wasanni uku, suna auna iyon teku, kuma abin da ke tsakanin na farko da na ƙarshe galibinsa fuska ce da taswira da ƙarfen jiki da hulɗa da waya. Polar da Suunto, dukkansu na Finlan, su ma suna da nasu a waɗannan matakai. Abin da za a yi hattara da shi shi ne agogunan da suka cika shagunan waya, masu araha, an rubuta GPS a kwalinsu, alhali da yawansu ba su da kunnen jin tauraro, daga wayar da ke aljihu suke aro, wayar kuwa ba ta shiga ruwa. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe waya, a fita fili, a ce wa agogon za a yi gudu, a gani ko zai kama taurari da kansa.

Akwai wata amana kuma da ya kamata a sani. Agogon yana aika duk hanyar da ka bi zuwa manhajar waya, da yawa kuma suna haɗa ta da Strava, inda jama'a ke gani. A watan Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki tana fallasa sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da agogunansu a kewayen shinge. In asirin sansanin soja ya tonu ta wannan hanya, to na mutumin da ke fita daga ƙofar gidansa kullum bayan sallar asuba, ya bi hanya ɗaya, ya komo a lokaci ɗaya, ya fi sauƙin tonuwa. Manhajar tana da wurin ɓoye mafari da ƙarshen tafiya. A ɓoye su tun ranar farko.

Hukuncina ga mai shirin gasarsa ta fari shi ne ya ɗauki agogo daga matakin ƙasa na waɗanda suka cika sharuɗɗan nan, ko da samfurin shekara biyu ko uku da suka wuce ne, ya haɗa da maɗaurin ƙirji, ragowar kuɗin kuma ya kai su ga tayoyin keke nagari da malamin da zai gyara masa iyo. In na hannu zai saya, kada ya biya sai ya cika shi da caji, ya kunna masa taurari, ya ajiye shi a fili sa'a biyu, ya ga kashi nawa batirin ya ci.